Za mu yi wa sana'ar dankali rajistar kamfani: me ke biyo bayan satifiket?

Ɗan Farin Gada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah waɗanda suka taɓa yi su yi magana, ban da 'yan "na ji an ce". Shekara 9 ke nan ni da abokina muna saro dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, mu haɗa da kabeji da karas a nan kasuwar Farin Gada ta Jos, mu loda zuwa Abuja. Duk cinikinmu da baki ne da waya, kuɗin kuma asusuna suke shiga. To watan jiya wani babban kanti a Wuse ya ce zai riƙa karɓar buhu 40 duk mako, amma su ba sa tura kuɗi asusun mutum sai na kamfani, kuma suna son rasit mai lambar rajista. Wani yaro mai shagon kwamfuta ya ce in kawo kuɗi da lambobin NIN ɗinmu, zai fito mana da limitid cikin 'yan kwanaki. In ba shi? Sannan idan satifiket ya fito akwai abin da ya rage, ko shi ke nan?

Mai Katako: Wa alaikumus salam. Tambayarka ta ƙarshe ita ce tambaya, ta farkon ai wasa ce. Bari in ba ka labarin kaina don kada ka taka inda na taka. A 2017 na ji ƙishin-ƙishin za a ba da kwangilar bencinan makarantu, na ruga na yi rajistar kamfani. Kwangila ba ta zo ba. Satifiket ɗin na kai aka sa masa gilashi, na rataye shi a shago a nan Katako, sama da inda nake ajiye buta, duk wanda ya shigo sai ya ce "Alhaji an zama kamfani." Ni na ɗauka kamar takardar haihuwa ce, ka karɓa ka ajiye. Sai 2023 da na je neman rance a banki, yarinyar da ke kan tebur ta danna kwamfuta ta juyo mini da fuskarta, ta ce Baba kamfaninka ya nuna ba ya aiki. Na ce ba ya aiki kamar yaya, ga shi yanzu na baro yara suna sauke timba? Ashe akwai rahoton shekara da ake kai wa CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa kaiwa ba. Sai da na biya na shekara biyar, kowace shekara da tararta. Kuɗin da na kashe wajen farfaɗo da shi ya ninka wanda na kashe wajen buɗe shi. Ba laifin kowa ba ne, ni ne ban tambaya ba.

Baban Yara: Ni dai shawarata ka zauna yadda kake. Iyayenmu sun yi fataucin goro da shanu, sun yi dillancin kuza a garin nan, sun gina gidaje a Gangare da Dilimi, wa ya ji sun yi rajista? Ranar da ka sa sunanka a littafin gwamnati ka nuna wa masu haraji ƙofar gidanka ne. Ka nemi wani mai kamfani a tura kuɗin ta asusunsa, ka ba shi na goro.

Akantan Bukuru: Baban Yara, Allah ya huci zuciyarka, wannan shawarar ta ƙarshe ita ce mafi haɗari a duk abin da za a faɗa yau. Kuɗin da ya shiga asusun kamfanin wani, a idon doka na kamfanin ne. Ranar da mai shi ya rasu, ko banki ya riƙe asusun saboda bashinsa, da wace takarda za a je karɓo kuɗin dankali?

Barista: Salamu alaikum. Ɗan Farin Gada, kafin maganar yaron kwamfuta, mu fara raba abu biyu da mutanenmu ke haɗawa su kira "kamfani".

Akwai rajistar sunan kasuwanci, wadda lambarta ke farawa da BN. Wannan suna kawai ka raɗa wa sana'arka. Kai ne ita, ita ce kai. Idan sana'ar ta ci bashi, mai bin bashi na iya bin motarka da filinka. In ku biyu ne a ciki kuma, bashin da abokinka ya ciyo da sunan sana'ar yana kanka kai ma, ko da kana barci aka ciyo shi.

Sai kamfani na ainihi, wato limitid, mai lambar RC. A nan doka na ɗauka an haifi wani mutum ne daban, mai sunansa, mai asusunsa, mai dukiyarsa. Zai iya kai ƙara, za a iya kai shi. Ku masu hannun jari iyakar abin da za ku yi asara shi ne jarin da kuka ɗauki alkawarin zubawa. Duk ɗalibin lauya ya san shari'ar Salomon, wani mai sana'ar takalma a Ingila sama da shekara 120 da suka wuce, inda kotun ƙoli ta can ta ce mutum daban, kamfaninsa daban, ko da kusan duk hannun jarin nasa ne. Har yau a kan wannan turbar muke.

To amma wanda aka haifa dole a ciyar da shi, abin da ya samu Alhaji Mai Katako ke nan. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce dokar kamfanoni, CAMA ta 2020, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta maye gurbin ta 1990. Ta sauƙaƙa abubuwa da yawa. Mutum ɗaya tak na iya kafa kamfani, a da sai biyu. Mafi ƙarancin jarin kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Ƙaramin kamfani, wato wanda cinikinsa a shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan an cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, kuma babu baƙon ƙasar waje cikin masu shi, ba dole ne ya naɗa sakataren kamfani ba, ba dole ya ɗauki mai binciken asusu daga waje ba, ba dole ya yi babban taron shekara ba. Hatimin ƙarfe ɗin nan ma da ake matsawa a takarda ya zama ganin dama. Abin da ba a ɗauke wa kowa ba shi ne rahoton shekara, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kamfanin da ya shekara 10 a jere bai kai ba, hukumar na da ikon goge sunansa daga rajista gaba ɗaya.

Ɗan Farin Gada: Barista Allah ya ƙara basira. Wato ko kwabo ba mu samu ba sai mun kai rahoto?

Barista: Ko kwabo. Rahoton ba haraji ba ne, sanarwa ce cewa kamfani na nan da rai, ga daraktocinsa, ga masu hannun jari, ga adireshinsa, ga yadda asusunsa yake. Sabon kamfani ana ɗaga masa ƙafa a farko, kusan wata 18 bayan rajista na farko ke hawa kansa, daga nan kuma duk shekara. Mai sunan kasuwanci shi ma yana kai nasa, kafin ƙarshen watan Yuni, sai dai nasa ya fi sauƙi da araha.

Yaro Mai POS: Baban Yara maganar "zauna yadda kake" fa ta wuce. Mu masu POS a 2024 aka ce kowa ya yi rajista da CAC, aka sa wa'adin Yuli aka ƙara zuwa Satumba. Duk layinmu na Terminus sai da muka yi. Kuma in dai kana da BVN da NIN ai ƙofar gidan taka an riga an sani.

Baban Yara: Kai yaro, da aka yi rajistar me ta ƙara maka? Cajin da kake karɓa ya ƙaru?

Yaro Mai POS: Bai ƙaru ba Baba, amma ba a karɓe na'urar ba.

Barista: Ga ƙarin bayani ga Baba. Doka ta ce wanda ke kasuwanci da wani suna wanda ba sunansa na yanka da na mahaifinsa zalla ba, ya yi rajista cikin kwana 28 da farawa. Iyayenmu da ka ambata da sunayensu suka yi fatauci, kuma abokan cinikinsu ba su taɓa tambayarsu rasit ba.

Hajiya Mai Acca: Salamu alaikum. Ni kan maganar yaron kwamfuta zan tsaya, don a nan aka cuce ni. Ina surfa acca in wanke in busar in ƙulla a leda, ina kuma yin garin kunun gyaɗa. Da na tashi rajista sai na ba wani da aka haɗa ni da shi. Ya yi aiki da sauri kam, satifiket ya fito, na yi murna har da raba wa maƙwabta cincin. Bayan shekara biyu zan canza adireshi saboda mun tashi daga Angwan Rogo mun koma Rikkos, sai aka ce za a turo lambar sirri ta imel. Wane imel? Ashe nasa ya sa, da lambar wayarsa, a gurbin nawa. Na neme shi aka ce ya bar garin. Ƙari a kan haka ya rubuta sunan mahaifina da harafi ɗaya daban da na katin ɗan ƙasa, banki suka ce ba su san wannan matar ba. Wata huɗu ina zirga-zirga da rantsuwar kotu kafin komai ya daidaita. Saboda haka ɗana, in za ka ba wani ya yi maka, ka zauna kusa da shi ka ga abin da yake cikewa. Imel naka, lamba taka, kalmar sirri a hannunka. Kuma kafin ya danna aikawa ka sa a karanta maka sunaye harafi bayan harafi.

Wani abu kuma da ban sani ba sai daga baya: takardar CAC ba ta ba ka izinin ƙulla abinci a leda ka kai kanti. Wannan na NAFDAC ne, hukumar kula da abinci da magunguna, hanyarsa daban, har sai sun zo sun ga ɗakin da kake aiki. Kai da ke sayar da ɗanyen dankali a buhu wataƙila bai shafe ka yanzu ba, amma ranar da kuka ce za ku fara soya shi ku ƙulla, ka tuna da ni.

Barista: Hajiya ta gama magana. In ƙara da cewa mutum na iya yin rajistar da kansa a shafin hukumar, ba sai ya je hedikwatarsu da ke Maitama ba, satifiket ɗin ma ta intanet yake zuwa ka buga abinka. In kuma za a ba wani, a tambaye shi ko yana cikin wakilan da hukumar ta tantance. Lauyoyi da akantoci da sakatarorin kamfani masu lasisi su ne aka saba ba wannan izinin.

Mai Waya Dilimi: Jama'a akwai sabbin wayoyi sun iso, farashi mai sauƙi, a tuntuɓe ni ta akwatin sirri.

Shugaban Zaure: Mai Waya, ranar talla Asabar ce. Na biyu ke nan a makon nan.

Akantan Bukuru: Bari in shigo da ɓangarena, don nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Rahoton CAC daban, bayanin haraji daban. Ofis biyu ne, takarda biyu, wa'adi biyu. Na sha ganin wanda ya biya ɗaya ya koma ya miƙe ƙafa yana zaton ya gama.

Kamfani mai RC harajinsa na tarayya ne. Hukumar da muka sani da FIRS ita ce ta koma NRS, bayan sababbin dokokin haraji da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026. Ƙaramin kamfani bisa ma'aunin dokar haraji, wanda daban yake da na CAMA, ba ya biyan harajin riba, wannan gaskiya ne, tun Dokar Kuɗi ta 2019 aka fara wannan rangwamen. Amma rashin biya ba ya nufin rashin kai bayani. Sai ka kai lissafinka an gani sannan a ce ba a bin ka komai. Sabon kamfani yana kai na farko cikin wata 18 da rajista, ko wata 6 bayan rufe shekarar lissafinsa, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya yi shiru tara na hawa kansa wata bayan wata, alhali harajin kansa sifili ne. Ka ga an biya kuɗin sakaci ke nan zalla.

VAT, harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, amma kayan abinci na yau da kullum irin dankali da kabeji ba a ɗora musu. Sai maganar ma'aikata. Ranar da kuka sa direba da yaran lodi a albashi, harajin albashinsu jihar da suke zaune ake kai wa, na nan Jos hukumar harajin Filato, in kuna da yaro a Abuja nasa FCT-IRS, kafin 10 ga watan da ke biye. Ku kanku daraktoci abin da kuka yanka wa kanku a matsayin albashi ya shiga ciki. In ma'aikata suka yi yawa sai fansho ya shigo, kashi 10 daga kamfani kashi 8 daga ma'aikaci bisa dokar 2014, da kashi 1 na NSITF don wanda ya ji rauni a bakin aiki, da kashi 1 na ITF, asusun horar da ma'aikata, waɗanda hedikwatarsu ma ga ta nan a titin Miango muna wucewa kullum. Waɗannan ba na ranar farko ba ne, amma duk mai neman kwangilar gwamnati takardunsu za a fara tambayarsa.

Shi ya sa ni a ganina, Ɗan Farin Gada, ku fara da sunan kasuwanci. Da shi ma ana buɗe asusun banki, ana buga rasit, harajinku kuma na jiha ne a matsayinku na mutane. In abu ya kankama sai ku ɗaga zuwa limitid. Kada a sayi babbar riga kafin a yi ƙiba.

Barista: A nan kam ban bi ka ba, Akanta. Da shi kaɗai ne da shago a tsaye, da na yarda. Amma mutum biyu ne, da mota ɗauke da kaya tana gangara Hawan Kibo duk mako, ta bi Akwanga da Keffi. Allah ya tsare, in birki ya tsinke ta afka wa wani, ko kaya suka ruɓe a hanya kanti ya ce an saɓa yarjejeniya, wa za a kama? Da sunan kasuwanci su biyun ne, har gidajensu. Irin wannan haɗarin ne aka ƙirƙiri limitid dominsa.

Akantan Bukuru: Barista, a takarda haka ne. A kasuwa fa? Manomin Bokkos da ya ba shi buhu 100 bashi fuskarsa ya duba, bai san wani RC ba. Ranar da kuɗi suka maƙale ƙofar gidansa zai zo, kuma Ɗan Farin Gada ba zai iya leƙowa ya ce masa "je ka nemi kamfani" ba, in dai yana son ya sake shiga kasuwar. Banki kuma ba ya ba ƙaramin kamfani rance sai darakta ya sa hannu ya tsaya da kansa. To katangar da kake magana ina tsayinta?

Barista: Gajeriya ce a wajen manomi da banki, na yarda. A wajen baƙon da bai san ka ba kuwa, mai shari'ar hatsari ko babban kanti mai lauyoyi, doguwa ce. Sai dai tana rushewa in mai kamfani ya mai da asusun kamfani aljihunsa, yau kuɗin makarantar yara, gobe ragon suna, babu rubutu. Ko ya yi amfani da kamfanin ya damfari mutane. Nan kotu na iya tsallake kamfanin ta kamo shi.

Mai Katako: Wannan ta aljihu da ni ake. Har kuɗin cefane daga nan nake cira.

Ɗan Farin Gada: To na ji duka biyun, kuma zuciyata ta fi karkata ga limitid saboda maganar mota. Rabon hannun jari kuma ba matsala, rabi da rabi za mu yi. Tare muka yi makarantar allo, ko ƙwandala ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Mazaunin Kubwa: Ɗan'uwa tsaya. Tun ɗazu nake karatu ban sa baki ba, amma wannan ta taɓa ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi rajistar kamfanin sufuri tun zamanin tsohuwar doka, lokacin da sai mutum biyu. Don a cika sharaɗi kawai ya sa sunan ƙaninsa, aka rubuta masa kashi 40. Baffan namu ko taya bai taɓa saya ba. Shekara da shekaru babu wanda ya tuna da zancen. Da Baba ya rasu aka zauna rabon gado, sai ga Baffa da kwafin takarda. Motocin da filin garejin duk da sunan kamfani aka saye su, saboda haka abin da ya shiga gado kashi 60 ne na hannun jari, ba motocin ba. Mu 11 da iyayenmu mata biyu muka raba wannan. Ba na cewa Baffa mugu ne, wataƙila shi ma ya yarda haƙƙinsa ne. Amma yau shekara shida ba ma shiga gidan juna. Abin da aka rubuta "don cika takarda" shi ne ya zama gaskiya, abin da kowa ya sani a baki ya bi iska.

Malam Na Masallacin Layi: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya daidaita tsakaninku. Ɗan Farin Gada, rubutu ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara faɗa wa, waɗanda sun fi mu amana nesa ba kusa ba. Kai da abokinka kun yarda da juna, to 'ya'yanku fa? Matanku fa? Su ba su yi allo tare ba.

Barista: Malam ya rufe wannan ƙofar. Ga ta fuskar doka kuma: rabi da rabi yana da daɗin faɗa, amma shi ne rabon da ya fi kulle kamfani. Shawara ta yau da kullum sai da rinjaye take wucewa, manyan shawarwari irin canza suna ko gyara ƙa'idojin kamfani sai da kashi 75. In kuka saɓa, babu mai rinjaye, babu mai iya cire wani, asusu ya tsaya, dankali na ruɓewa. In dai rabi da rabin ne gaskiyar abin da kowa ya zuba, ku yi, amma ku rubuta yarjejeniya a gefe: wa ke sa hannu a banki kuma har nawa, wa zai raba gardama in an kasa jituwa, in ɗaya zai fita wa zai fara saya kuma yaya za a yi wa rabonsa kuɗi, in ɗaya ya rasu magada za su shigo ne ko za a biya su.

Kada kuma ku bari a rubuta muku jarin miliyan 10 don a ga girma. Kuɗin rajista da na kan sarki suna hawa ne da yawan jarin, sannan duk hannun jarin da aka rubuta da sunanka ba ka biya ba bashi ne a wuyanka, ranar da kamfani ya durƙushe za a ce ka kawo. Sai 'yan ƙananan da ake mantawa: duk mai kashi 5 ko fiye sai an bayyana shi a matsayin mai faɗa a ji a kamfanin, canjin darakta a sanar cikin kwana 14, sunan kamfani da lambar RC su fito a allon shago da kan rasit, littattafan lissafi a adana su shekara 6.

Hajiya Mai Acca: Barista, SCUML ɗin nan da banki ke tambaya fa? Ƙanwata mai sayar da gwal an hana ta buɗe asusu sai da shi.

Barista: Sashe ne a ƙarƙashin EFCC, na sana'o'in da ake gudun a wanke kuɗin haram ta cikinsu: gwal da kayan ado masu tsada, dillancin gidaje da filaye, sayar da motoci, otal, ƙungiyoyin agaji da makamantansu. Rajistar kyauta ce, kada ta bari wani ya karɓi kuɗinta da sunan na hukuma ne.

Ɗan Farin Gada: Jama'a barkanmu da safiya, sanyin yau sai a hankali. Jiya bayan isha na samu abokin nawa na karanta masa duk abin da aka rubuta a nan. Da farko ransa ya ɓaci, ya ce yaushe muka fara haka da kai. Sai na karanta masa na Mazaunin Kubwa, ya yi shiru. Can sai ya ce, to motar fa? Wallahi shekara 4 muna lodi da ita ban taɓa tunanin ta wa ce ba. Shi ya biya kuɗin farko, ni na biya canjin inji, takardunta kuma da sunan yayansa suke don shi ya je ya sayo ta. Mun kai sha biyun dare muna lissafi a bayan kwalin maganin sauro. Abin da ya fito, jarina ya fi nasa, wahalar hanya tasa ta fi tawa. Mun tsaya a kan kashi 60 da 40, shi kuma a yanka masa albashin tafiya duk wata kafin a raba riba. Motar za a fara mayar da takardunta sunansa, kamfani ya riƙa hayarta. Barista zan zo ofis ranar Litinin in Allah ya kai mu. Sunan da muka zaɓa akwai kalmar National a ciki, ya yi?

Barista: Allah ya sa albarka. Sunan dai ku sake. Kalmomi irin su National da Federal da Government da Group da Holding sai da izini na musamman, kuma ba kowa ake ba ba. Ku zo da suna biyu ko uku, in an amince da ɗaya ana ajiye muku shi kwana 60 ku kammala sauran. Ku taho da kwalin maganin sauron ma, daga shi za mu fara rubutu.

Akantan Bukuru: Har yanzu ina kan bakana cewa sunan kasuwanci ya ishe su shekarar farko. Amma tunda an yanke, ku sayi littafi mai bango mai kauri tun yau, kowane buhu da kowace naira su shiga. In wata 18 ta cika kada ku zo mini da leda cike da guntayen takardu.

Baban Yara: Barista, wata 'yar tambaya, ba don ni ba. Idan a ce ɗan mutum ya yi rajistar kamfani a 2021 lokacin da ake neman wani tallafi, ya sa sunan uban a darakta, tun daga nan ba a sake waiwayar abin ba, a ina ake duba halin da yake ciki?

Barista: A shafin hukumar akwai wurin bincike, kyauta ne. A rubuta sunan kamfanin ko lambar RC, zai nuna ko yana aiki ko ba ya aiki.

Mai Katako: Baban Yara, ka ce wa mutumin ya samu wuri ya zauna kafin ya danna.